Na ga baƙin mai cikin tiyon iska: in sa gwangwanin tarar mai ko in bari?

Mai tambaya, daga unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi:
Assalamu alaikum ƴan'uwa, barkanku da yini. Ina neman shawarar waɗanda suka san inji. Motata Toyota Avensis ce ta 2005, mai inji 2.0 D-4 na esansi, irin waɗanda ake kawowa ta Kwatano. Da ita nake zuwa Damagaram kusan kowane wata, sauran kwanaki kuma zirga-zirgar cikin gari ce, daga gida zuwa shago. Wata biyu ke nan da safe in na tada ta sai ta yi ta karkarwa a ralanti, wato tana tsaye inji na aiki ba a taka totur ba, kuma baƙin mai yana raguwa tun kafin lokacin bidanj ya yi. Jiya na cire babban tiyon da ya taso daga filtar iska, na sa yatsa, ya fito jiƙe da mai. Ɗan wana da ke Yamai ya ce in sa wani ɗan gwangwani da ke tare mai kafin ya shiga inji, ya turo mini hotonsa. Wani mai gyara kuma ya ce ba sai na kashe kuɗi ba, a cire ƙaramin tiyon da ke saman inji a saƙale shi ƙasa, hayaƙin ya fita waje. Motar nan ita ce ƙafata, ba na son in yi abin da zan zo ina da-na-sani. Wanne zan bi?

Baba mai gareji, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka yarda a saƙale tiyon nan ƙasa. Bari in gaya maka aikinsa tukuna. Duk inji, ko yau ya fito daga kamfani, in wuta ta tashi a kan fistan akwai ɗan hayaƙin da ke kuɓuce wa zobban fistan ya gangara ƙasa inda mai yake kwance. Hayaƙin nan yana ɗauke da esansin da bai ƙone ba da tururin ruwa, in ya tashi kuma ya kwaso feshin mai. Dole a ba shi hanyar fita, in ba haka ba ya kumbura cikin inji, ya tura mai ta robobi da kowace gaɓa, wani lokaci har sandar awon mai ya cillo sama. Shi ya sa aka yi masa hanya ta murfin saman inji, ya bi wani ɗan supap da ake ce wa PCV, mu nan mun fi cewa reniflar, inji ya zuƙe shi ya sake ƙone shi.

Abin da mai gyaran ya gaya maka, haka motocin da suke, tiyo ne a sake yana kallon ƙasa. A Amurka aka fara daina wannan, jihar Kalifoniya daga motocin 1961, sauran ƙasar ta biyo baya. Su hayaƙi ne ya dame su. Mu kuwa a Maraɗi abin da ya fi ba ni tsoro ƙura ce. Ka bar ƙofa a buɗe zuwa cikin inji, ka bi hanyar da ba kwalta lokacin hunturu, yashin zai samu hanyar shiga ya haɗu da mai ya riƙa cin ƙarfe. Kuma in ba a toshe ramin da aka cire tiyon da kyau ba, inji zai riƙa shan iskar da kwamfutar mota ba ta auna ba, karkarwar taka ta ƙaru.

Direban layin Dakoro:
Ni dai na sa gwangwanin a Hilux ɗina ta gazuwal, kuma ban yi nadama ba. Kafin in sa, da aka buɗe bututun shigar iska sai da aka kankaro baƙin kwalta kamar an shafe shi da cokali. Toka daga EGR, wato hanyar da ke mayar da wani ɓangaren hayaƙin salansa cikin inji, ita ce take haɗuwa da feshin mai ta daskare. Alhaji ka sa kawai.

Baba mai gareji, Sabon Gari:
Malam direba, gaskiyarka a taka motar, amma ka yi masa sauri. Gwangwanin yana tare mai ne, ba ya hana shi tasowa. In zobba sun cinye, sa shi kamar tara ƙwarya ce ƙarƙashin rufin da ke yoyo. A fara gano dalili. Ɗana, yi wannan da kanka: in inji ya yi zafi, bar shi a ralanti, ka kwance murfin zuba mai ka ɗora shi a bakin ramin ba tare da ka murɗa ba. In ya ɗan yi rawa ko ka ji kamar ana ɗan jawo shi ƙasa, da sauƙi. In kuwa hayaƙi yana bugowa da ƙarfi har murfin na tsalle, to sai an auna ƙarfin matsin kowane silinda. Sannan a ciro supap ɗin a girgiza shi kusa da kunne. Mai lafiya yana ƙas-ƙas, wanda ya toshe shiru zai yi. In ya toshe, hayaƙi sai ya koma ya bi ɗaya tiyon, wanda ke haɗe da babban tiyon iska, kuma can ne ka ce ka ga mai. Ka duba filtar iska ma. In ƙura ta cika ta, inji yana zuƙa da wahala, sai ya ƙara janyo mai ta wannan hanya. Kuma yara da yawa in sun yi bidanj suna zuba mai har ya wuce alamar sama ta sandar awo, wai don ƙauna. Wannan ma yana kawo shi.

Wata malamar koyar da gyaran mota:
Baba ya gama magana a kan bincike, ni zan ƙara a kan irin injin. Wannan D-4 ɗin, 1AZ-FSE, yana fesa esansi kai tsaye cikin silinda. A yawancin tsofaffin injuna ana fesa shi ne a bayan supap ɗin shigar iska, yana wucewa yana wanke shi. A naka babu abin da ke wanke wurin, sai feshin mai ya sauka a kan ƙarfe mai zafi ya ƙone ya zama gawayi, shekara da shekaru yana taruwa. Karkarwar safe tana iya zama daga nan, kuma maganin da ake zubawa a tanki ba ya kaiwa can. Don haka ni ina ganin gwangwanin yana da amfani a motarka, amma bayan an gyara abin da ya lalace an kuma wanke hanyar iska. Gawayin da ya riga ya kama, gwangwani ba zai cire shi ba.

In za ka saya, buɗe shi ka leƙa. Wasu fanko ne, hayaƙi ya shiga ya fita da mansa. Nemi mai faranti ko raga a ciki inda feshin zai bugu ya ɗiga ƙasa. A sa shi tsakanin supap ɗin PCV da inda tiyon yake shiga inji, hanya a rufe take, babu inda aka bari a buɗe. Tiyo ya zama mai jure mai da zafi, faɗinsa kada ya gaza na asali, ba tiyon ban ruwan lambu ba wanda zai yi laushi ya manne. A ɗaure shi a tsaye, nesa da salansa.

Direban layin Dakoro:
Malama ta tuna mini. Zubar da abin da ya taru a ciki wajibi ne, ni duk Juma'a nake dubawa. In ya cika aka manta, a injin gazuwal yana iya zuƙe man gaba ɗaya ya kama gudu da kansa, ka kashe makulli ya ƙi mutuwa.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Tambaya ɗaya, Malama: abin da ya taru a ciki, in mayar da shi inji? Mai ya yi tsada.

Malamar:
A'a, Alhaji. Ba mai ne zalla ba, akwai ruwa da esansi a ciki, musamman kai da kake gajerun tafiye-tafiye cikin gari, inji bai gama zafi ba ka kashe. Da sanyin Disamba da Janairu za ka ga ya yi fari-fari kamar kunu. Juye shi cikin tsohon galan ka kai wurin masu bidanj, kada a zuba a kwata.

Mai tambaya, bayan kwana biyu:
Baba, na yi yadda ka ce. Murfin bai yi tsalle ba, ɗan rawa kawai. Supap ɗin kuwa shiru, da aka hura ma iska ba ta wucewa, filtar iska kuma da aka buga ta a ƙasa sai da ƙura ta turnuƙe mu. An canza duka biyun. Karkarwar ta ragu amma ba ta tafi ba, don haka ranar Asabar za a buɗe hanyar iska a wanke. Na yi alama a sandar awon mai, jibin wanki zan tafi Damagaram, in na dawo zan duba inda ya tsaya kafin in ce wa yaron ya aiko gwangwanin daga Yamai.