Wai ya ake gane mai blof a poka in ana zaune ido da ido?

Ɗan Yelwa:
Salam jama'a, dan Allah masu buga poka ku taimaka min. Ni a waya na koya, irin Texas Hold'em ɗin nan da ake ba kowa karta 2 a rufe sannan a shimfiɗa 5 a tsakiya kowa ya haɗa da nasa. To yanzu mun fara zama da abokai a nan Garwa duk daren asabar, ba kuɗi muke sawa ba, jeto ne na roba ake raba wa kowa daidai, wanda nasa ya fara ƙarewa shi zai sayi shayi da nama. Matsalar akwai wani direba a cikinmu da ya addabe mu, kuma ba wai karta ce take zo masa ba, in nayi blof, wato na zuba jeto kamar ina da karta mai kyau alhali ba komai, sai ya bi ni, in ina da kaya a hannu sai ya zubar da nasa yana dariya, wai jikina ne yake gaya masa. Me yake gani ne? Ni kuma me ya kamata in dinga dubawa a jikin mutane, dan in na ƙura wa mutum ido ba abin da nake gani sai ido.

Kawu na Kuseri:
Wa alaikumus salam ɗana. Bar kallon ido tukuna. Hausawa sunce labarin zuciya a tambayi fuska, amma a teburin karta fuska ce ta fi kowa ƙarya, saboda kowa ya san ita ake kallo shi yasa ita yake fara gyarawa.

Abu na farko ka raba biyu, akwai abin da mutum yake yi dan ka gani, akwai wanda yake kuɓuce masa bai sani ba. Wanda yake yi dan ka gani juya shi zakayi. In ya buga jeto da ƙarfi, ya tsare ka da ido, yana cewa ka biyo ni in ka isa, yawanci ba komai a hannunsa, so yake ka tsorata ka zubar. In kuwa yayi tsaki, ya ɗaga kafaɗa, yace to bari dai in gwada sa'a, yana kallon titi kamar abin bai dame shi ba, wannan ka gudu, kaya ne da shi. Kamar mai sayen sa ne a kasuwar shanu, wanda san ya shiga ransa shi ne zai ta kushe shi yana yi kamar zai tafi.

Na biyun shi ne mai tsada. Lokacin da ake buɗe karta ukun farko a tsakiya duk yara ita suke kallo, kai kar ka kalle ta, ba inda zata je, mutanen zaka kalla. Wanda ya kalli kartar sai idonsa ya faɗa kan jetonsa da sauri ya ɗauke kai, to ta haɗu da tasa, har ya fara lissafin nawa zai sa. Wanda ya daɗe yana kallonta kamar yana neman wani abu da ya ɓata, bai samu ba. In karta 3 masu kala ɗaya, wato zane iri ɗaya kamar zuciya, suka fito kaga mutum ya sake leƙa tasa, galibi ɗaya ce yake da ita ta wannan kalar yana duba wacce ce, wanda yake da biyu tun farko ya haddace baya buƙatar leƙawa.

Sai rawar hannu, nan ne sababbi suke faɗawa rami. Suna ɗauka mai rawar hannu tsoro yake ji dan haka blof ne. A'a. Wanda ya haɗa babban hannu shi ne jikinsa yake saki hannun ya kama kakkarwa dan murna, mai blof kuwa ƙamewa yake, ya daina motsi, numfashin ma a hankali yake fitar da shi, in yana cin goro zaka ga muƙamuƙin ya tsaya cak har sai ka yanke shawara. Wannan ta goro ban cika ganin ta faɗi ƙasa ba a wajen dattawa.

Zufa kam manta da ita, a Garwa watan Maris da Afrilu zafi yana wuce digiri 40, mai as biyu (as ita ce karta mafi girma) da mai shara duk jiƙe suke.

Ɗalibi a Dang:
Kawu ya faɗi gaskiya amma inaga an ɗan zuzuta abin, kar ɗan uwa ya tafi ranar asabar yana ganin ya zama boka. Batun hannu dai har bincike akwai, a 2013 wani Michael Slepian da abokan aikinsa a Amurka suka yanko gajerun bidiyo daga gasar duniya ta poka da akeyi a Las Vegas, ta shekarar 2009, suka nuna wa ɗalibai lokacin da ƙwararru suke tura jeto. Wasu aka nuna musu fuska, wasu hannu kawai. Waɗanda suka kalli fuska basu iya gane mai kaya ba, masu kallon hannu su suka fi dacewa, kuma abin da ya fito shi ne mai karta mai kyau hannunsa yana tafiya sumul ba gargada. Kaga wannan ma ya ɗan saɓa da rawar hannun da Kawu yace, dan waɗancan ƙwararru ne sun saba da manyan hannu, rawar a wajen sabon shiga ake samunta. Shi yasa ba doka ɗaya da zata hau kan kowa, sai ka san yadda mutum yake in ba komai a gabansa sannan zaka gane in ya canza. Wani haka Allah ya yi shi da surutu, wani hannunsa kullum rawa yake dan shayin da yake ɗirka.

Ni abin da na fi yarda da shi yawan abin da mutum ya sa da kuma lokacin da ya ɗauka. Wanda ya bi ka nan take ba tunani, yawanci hannu ne matsakaici ko yana jiran karta ta cika masa, dan da babba ne da ya tsaya yayi tunanin ƙarawa. Kuma kayi lissafi kafin ka kalli jikin kowa: in akwai 10,000 a tsakiya ya sa 5,000, kai 5,000 zaka sa ka ci 15,000, wato ko sau 1 cikin 4 kake cinye shi baka yi asara ba. In ya sa 10,000 cif sai ya zama 1 cikin 3. Alamar jiki amfaninta in lissafin ya tsaya a tsakiya ka rasa na yi, sai ta karkata ka gefe ɗaya. Amma ace kana riƙe da shara ka bi tapi, wato mutum ya tura duk jetonsa, dan wani ya daina tauna goro, haba.

Kuma ina zargin direban nan ba jikinka kaɗai yake karantawa ba, duba ko in kana da kaya kaɗan kake sawa dan a biyo ka, in blof ne ka zuba da yawa. Masu koyo a waya da yawa haka suke.

Malam Mai Allo:
Ƴan uwa ina tunatar da mu, Allah Ya haɗa caca da giya a aya ɗaya, Suratul Ma'ida aya ta 90, Yace mu nisance su. Ɗan Yelwa kace ba kuɗi, amma wanda aka cinye shi ke sayen shayi da nama, to ai an sa wani abu kenan, ka tambayi malamin unguwarku. Kuma yawanci da jeton roba ake farawa. Allah Ya tsare mu.

Ɗan Yelwa:
Amin Malam, na gode da tunatarwa, zan faɗa musu a koma karo karo a sayi shayin kowa ya bada nasa. Ɗalibi wlh ka taɓo wani abu, haka nake sawa kuwa. To ya zanyi in rufe nawa jikin?

Baban Hawwa, Njamena:
Mu nan wasu da rawani suke zama, sun naɗe baki da hanci ido kawai ake gani, kuma duk da haka ana karanta su tas, dan rawani baya rufe yatsu baya rufe murya. Ni ta baki nake kama mutane. In mutum ya tura tapi sai in ja shi da hira, in tambaye shi wani abu da bai shafi wasan ba, ya hanya, ya yara. Mai kaya zai amsa maka a sake har ya ƙara da wasa da dariya ta gaske, mai blof ko dai yayi gum ko ya amsa a guntule murya a shaƙe, wani ma ana hira da Hausa sai kaji ya koma Faransanci ko Larabci ba dalili. Sai dai ka fara sanin ko daman haka yake magana, kamar yadda ɗalibi yace.

Amma ɗalibi kar ka raina abin da yawa, waɗanda kuke bugawa da su a gida ba ƙwararrun Las Vegas bane, jikinsu a buɗe yake. Ƙwararrun ma karatun yana kuɓuce musu, a gasar 2003 Chris Moneymaker wanda akanta ne da ya samu shiga ta intanet, ya tura wa Sam Farha tapi a karta ta ƙarshe ba ko fea, wato karta biyu masu lamba ɗaya, a hannunsa, sarki ne kawai babbarsa, ya zauna da hula da baƙin gilashi bai motsa ba, Farha yana da tara biyu, ɗaya a hannu ɗaya a tsakiya, ya daɗe yana tunani yana jansa da magana, ƙarshe ya zubar. Moneymaker ne ya ɗauki gasar da dala miliyan 2.5. Abin da ya cece shi bai ba da amsar da za a kama ba.

Kai ma haka zakayi, komai naka ya zama iri ɗaya. Kar ka leƙa kartarka sai layi ya zo kanka, kafin nan kana kallon yadda sauran suke leƙa tasu. Leƙa sau ɗaya ka haddace lamba da kala. Ƙirga biyar a zuci kafin kowane motsi ko as biyu ne ko shara, faɗi adadin da baki sannan ka tura da hannu ɗaya, wanda ka saba, ka mayar da hannun inda yake, ido a tsakiyar tebur. In ya tambaye ka kar ka amsa, ko kana da kaya kar ka amsa, dan in kana amsawa ranar da kake da shi shirunka na gobe ya tona ka.

Kawu na Kuseri:
Ƙari ɗaya. In ka gano alamar direban kar ka gaya masa, ko a wasa, ko bayan an tashi. Shi da ya gaya maka jikinka na magana ai kyauta ya baka. Kuma ka lura in ka ɗauko jeto zaka sa kaga shi ma ya kai hannu kan nasa tun layi bai zo kansa ba, tsorata ka yake dan ka fasa, hannunsa ba ƙarfi, sa abinka. In zai yiwu ka zauna ta hagunsa yadda shi zai riga ka motsi a yawancin zagaye.