"Komai nisan dare, gari zai waye": a gaya wa wanda ke cikin daren?

Mai Jinya: Salama gare ku 'yan'uwa. Maigidana ya shiga shekara ta uku a kwance. Jiya bayan sujada wata uwa ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗiyata, komai nisan dare, gari zai waye." Na san da zuciya ɗaya ta faɗa. Amma da na dawo gida na tarar yana ƙoƙarin kai kofi baki, hannunsa na rawa, ruwan ya zube masa a ƙirji. Na share masa, na shige ɗaki na yi kuka, ina cewa a raina, wane gari? Yaushe? Ba na so in yi saɓo. Ku gaya mini, maganar nan gaskiya ce ko lallashi?

Dattijo: Ubangiji ya ƙarfafa ki ɗiyata, ya taɓa maigidanki. Gaskiya ce, kuma tana da 'yar'uwa a Zabura 30:5, inda aka ce kuka yakan kwana, amma da safe murna ke zuwa. Dubi Yusufu. Yana ɗan shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi, sai da ya kai 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Shekara 13 ke nan tsakanin bauta da kurkuku. Har wanda ya fassara wa mafarki ya fita ya manta da shi shekara biyu cur. Gari bai waye masa ba?

Ɗalibi: Baba, a gafarce ni, ba gardama nake da ku ba. Yusufu gari ya waye masa, amma Ibraniyawa 11:13 ta yi maganar waɗanda suka mutu cikin bangaskiya ba su karɓi abin da aka alkawarta ba, daga nesa suka hango shi. Bulus sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ce masa alheri ya ishe shi. In muka faɗi karin maganar nan kamar alkawari ne cewa ciwo zai warke, ranar da bai warke ba mun bar mutum da karaya biyu, ta ciwon da ta zaton Allah ya saɓa.

Malamar Lahadi: Ni a kan kalmar "nisa" zan tsaya. Mutane na jin ta kamar "tsawo", har wasu kan ce komai tsawon dare. Amma in Bahaushe ya ce dare ya yi nisa, yana nufin ya tsala, ƙafa ta ɗauke, duhu ya kai iyaka. To maganar ba ta ƙidaya maka awoyi ba. Cewa take duhu, komai kaurinsa, ba shi ke da hukuncin ƙarshe ba. A nan na yarda da ita ɗari bisa ɗari, don mun san kabari bai riƙe Yesu ba, ya tashi ranar Lahadi da sassafe.

Ɗalibi: Wannan fassarar ta fi kwanta mini, Malama. Sai dai mai faɗa a bakin ƙofar majami'a ba ita yake nufi ba.

Uwar Marayu: Ku bar ni in sa baki, don na kwana a irin daren nan. Lokacin da na rasa mijina, maganar nan na ji ta ba adadi. Ba ta taɓa shigata ba. Ba don ƙarya ba ce, don kunnena a toshe yake. Littafin Karin Magana 25:20 ya kwatanta mai rera waƙa ga mai baƙin ciki da wanda ya tuɓe wa mutum riga ranar sanyi. Abokan Ayuba ma kwana bakwai suka yi zaune a ƙasa tare da shi ba wanda ya ce uffan, kuma sai da suka buɗe baki aka fara samun matsala.

Abin da ya ɗaga ni labarin Iliya ne, a 1 Sarakuna 19. Mutumin da ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450 a Dutsen Karmel, wuta ta sauko a idon kowa, shi ne ya gudu da jin saƙon sarauniya Yezebel cewa za ta kashe shi, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna gindin itace ya ce ya isa, a ɗauki ransa. Ku lura da abin da Allah ya yi. Bai tsawata masa ba, bai yi masa wa'azi ba. Ya bar shi ya yi barci. Mala'ika ya taɓa shi ya ce tashi ka ci. Ya ci, ya sha, ya sake kwanciya. Aka sake tashinsa, aka ce ci, tafiyar ta fi ƙarfinka. Sai bayan kwana 40, a Horeb, aka yi maganar, ita ma da ƙaramar murya. Can ne ya ji cewa ba shi kaɗai ya rage ba, akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, aka kuma ba shi Elisha.

Saboda haka ƙanwata, ni tambayata daban ce. Kina samun barci? Kina cin abinci? Wa ke karɓar ki jinya ko na yini ɗaya?

Dattijo: Kin yi gaskiya, na karɓi gyara. Amma kada mu jefar da maganar. Akwai ranar da ita za ta riƙe mutum. Ni ma ta riƙe ni.

Uwar Marayu: Ba a jefar ba, Baba. Yau ni da bakina nake faɗa wa kaina ita. Daɗinta ya fi fitowa in daga bakin mai daren ta fito.

Malamar Lahadi: Ƙari ɗaya, 'yar'uwa, a kan tsoron saɓo. Buɗe Zabura 88. Daga farko har ƙarshe kuka ce, da maganar duhu ma ta rufe, ba ta juya zuwa yabo kamar sauran ba, kuma tana nan cikin Littafi Mai Tsarki. Wanda ya rubuta ta Allah yake yi wa kukan. "Yaushe?" ɗin da kika faɗa, Dawuda sau huɗu ya jera irinta a farkon Zabura 13.

Mai Jinya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Mama, amsar tambayarku, a'a. Rabona da barcin kirki na manta, kuma ban taɓa roƙon kowa ya karɓe ni ba, kunya nake ji. Daren jiya na karanta wa maigida Zabura 13 da ƙarfi. Da na kai ƙarshe ya yi mini alama da hannu in maimaita, na maimaita. Uwar nan da ta riƙe hannuna ta taɓa cewa in neme ta in da bukata. Gobe zan kira ta in tambaye ta ko za ta iya zama da shi ranar Alhamis.