Dan Allah ina ake samo mutane? Dangi sun fara guduna saboda netwok

Maman 'yan biyu, Aboabo:
Slm 'yan uwa, sannunku da kokari. Shawara nake nema wajen wadanda suka san harkar netwok din nan, wato saida kayan kamfani da jawo mutane su yi rajista a karkashinka kana samun lada. Na yi rajista da wani kamfani mai saida sabulu da man goge baki da shayi da audugar mata, wata kawata ce ta saka ni, ita ce a samana. Ina shiga suka ce in dauki littafi in rubuta sunan mutum 100 da na sani kar in bar kowa, har wadanda muka yi makarantar allo tare, in rika kiransu ina gayyatarsu semina a Adum nan cikin Kumasi ranar Asabar. To na rubuta na kira, wasu suka ce insha Allahu suna zuwa ban gansu ba, wasu sun zo sun sha ruwan leda sun yi tafi sun watse, yanzu abin har ya kai kanwar babata in ta hango ni a gidan suna sai ta canza wajen zama, wlh abin na min ciwo. Ita kuma wadda ke samana maganarta daya kullum, wai in ci gaba da bibiya kar in gaji. Tambayata biyu ce, ina ake samo sababbin mutane in na gida sun kare, sannan yaya zan gane wanda da gaske yake tun kafin in kona kudin bandul da kudin pragya (keke mai kafa uku) a kansa? Kayan dai ba laifi, sabulun ni ma da shi nake wanka, tsada ce kawai.

Hajiya mai atamfa, Kejetia:
Wslm diyata. Kin hada mutum biyu a littafi daya, shi ya sa kanki ya daure. Mai sayen sabulu daban, wadda za ta shiga sana'ar daban. Gwaggonki da ke gudunki ba sabulun take gudu ba, semina take gudu, ta san in ta tsaya za ki dauke mata Asabar dinta gaba daya ki kuma nemi kudin rajista. Ki je ki gaishe ta hannu biyu, ki kai mata sabulu daya kyauta, kar ki ambaci kamfani ko da wasa, ki tashi ki tafi. In ya mata za ta aiko yaro da kanta.

Ni a kasuwa ba wadda ta yaba atamfa nake kallo ba, yabo kowa na yi, har wadda ba ta da ko sidi daya a jaka ta fi kowa iya yabo. Wadda ta taya nake kallo, wadda ta ce Hajiya rage min, ta juya zanen ta duba bakinsa, wannan kudi ne a hannunta. Ke ma haka, wadda ta tambaye ki nawa ne, kwana nawa yake yi, zai yi wa yaro mai kuraje, ita za ki rike. Mai cewa "kai masha Allah abu ya yi kyau, zan neme ki" ki ce mata na gode ki wuce. Kuma in mace ta saya sau daya ba kwastoma ba ce tukuna, kila kunyarki ta ji. Sai ya kare ta dawo da kafarta.

Wajen samun mutane kuwa ai zango ba a rasa taro, ga suna ga biki ga kungiyoyin mata masu fidda yayi, kowace kungiya da shugabarta, ita za ki fara samu a gida ki nemi izini ta ba ki minti biyar bayan an gama karbar kudin wata. Amma dan girman Allah ban da gidan rasuwa, na taba ganin wata ta bude jaka ranar addu'ar bakwai, har yau ana maganarta. Sai bashi. Kar ki ba da. Kayan da ke kika biya kamfani lakadan ki raba shi bashi a layinku, karshen wata a samanki za a ci riba ke ki ci gaba da bin gidaje.

Dan netwok, Asawase:
Anti sannu. Ni ina cikin harkar, kamfaninmu daban da naku amma tsarin kusan daya ne. Abin da Hajiya ta fada haka yake, zan dora a kai ta bangaren wanda za ki saka a karkashinki.

Lis din mutum 100 ba laifi ba ne, kiran kowa da magana iri daya shi ne matsalar. Ki koma kan littafin ki ja layi a karkashin wadanda dama suna saida wani abu, mai kitso, tela, mai shagon kayan shafa, mai saida turare a sitatus, malamar makaranta da ke kai kaya ofis. Wadannan ba sai kin koya musu yadda ake yi wa mutum talla ba kuma suna da nasu mutanen da ke zuwa wajensu kullum, mai kitso mace na zaune a gabanta awa biyu ba inda za ta je. Wanda bai taba saida ko kosai ba ya ce zai shiga don ya ji ana ba da mota, wata biyu zai yi ya ajiye, ya kuma rike ki a zuciya.

Kafin in ba mutum lokacina abu hudu nake son ji, ba a jere nake tambaya kamar dan sanda ba, cikin hira ne. Ya taba amfani da kayan ya ji dadinsu? Kudin da zai shiga da su nasa ne, wanda in sun makale ba zai rasa na cefane ba? Yana da lokacin fita, ko daga Magazine wajen gyaran motoci in ya dawo sai barci? Sannan shi ke yanke wa kansa hukunci? Wannan na karshen a wajen matanmu shi ne babba, za ki yi sati uku kina bayani ta gamsu sarai ranar biya ta ce maigida ya hana. Tun hira ta farko ki ce mata ta shawarci maigida, in da hali ki yi bayanin a gabansa.

Bibiya kuma tana da iyaka. Ni in na yi bayani sai in ce yaushe zan kira ka, shi zai fadi rana. Na kira ranar, in ya kara sa wata rana na kara kira, bayan nan na bar shi sai dai gaisuwa. Sababbin mutane kuma daga bakin kwastoma suke fitowa, duk wadda ta dawo saye na biyu ki ce mata wa kika sani da zai so wannan, amma ita ta fara yi masa magana kafin ki kira, kar ki dauki lambar mutum ki jefa shi a guruf bai sani ba, fita zai yi ya toshe ki. Abu daya da nake rokon 'yan harkarmu su daina shi ne gayyatar mutum da sunan an samo masa aiki, yaro ya goge takalmi ya dauko takardunsa ya zo ya tarar da semina. Wannan ne ya bata mana suna a gari.

Mai gyaran waya, Alabar:
Ni dai bari in fadi wadda ba a so. Kafin ki tantance mutane ki fara tantance kamfanin. Ki dauki kalkuleta, in kowa zai kawo mutum 5, layi na farko 5, na biyu 25, na uku 125, ki ci gaba da ninkawa, a layi na 11 kadai ana bukatar mutum sama da miliyan 48. Ghana gaba daya a kidayar 2021 miliyan 30.8 ne, har jarirai. Kenan karewar mutane da kike kuka da ita ba rashin kokarinki ba ne, haka lissafin yake, na kasa su ne mafi yawa kuma su ne ba su da wanda za su kawo.

Kuma mu a kasar nan mun gani. DKM, kamfanin ajiyar kudi daga Sunyani, ta tafi da kudin mutane a 2015 zuwa 2016, Menzgold mai harkar zinariya kuma hukumar SEC mai kula da zuba jari ta dakatar da ita a Satumba 2018 mutane na ta zarya kan kudinsu. Da yawa ta bakin dan uwa da aboki suka rika shiga.

Dan netwok, Asawase:
Yaya, ka hada abin da ba a hadawa. Wadancan kudi ake ajiyewa a jira riba duk wata, ba abin da kake dauka ka kai gida. Ita sabulu ne a hannunta, ko ba ta saka kowa ba za ta saida ta ci riba.

Mai gyaran waya, Alabar:
Na yarda ba daya ba ne, amma samun kaya a hannu bai wanke kamfani ba kanina. Herbalife ai kaya gare su, duk da haka a 2016 sun biya dala miliyan 200 a sulhun da suka yi da hukumar FTC ta Amurka mai kare hakkin masu saye, aka kuma sa su gyara tsari yadda ladan dillali zai dogara da kayan da aka saida wa masu amfani da shi na gaskiya, ba yawan wadanda aka saka ba. To ita ma ta yi wa wadda ke samanta wannan tambayar, kudin da kika samu watan jiya nawa ne daga sabulun da mutanen waje suka saya, nawa ne daga rajistar sababbi? Ta kuma tambaya ko dole ne ta sayi kaya duk wata don kar matsayinta ya fadi, kuma in kaya sun ki tafiya kamfani na karba ya maida kudi? In aka fara kwana-kwana an ba ta amsa kenan.

Nas, Tafo:
Maman 'yan biyu nawa gajere ne, kan shayin nan. Ki duba jikin kwalin ko akwai lambar rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, in babu kar ki saida. In akwai ma kar a koya miki cewa yana warkar da ciwon suga ko hawan jini ko kansa, dokar lafiya ta 2012 ta hana tallata magani da sunan yana warkar da irin wadannan cututtukan. Na san a semina ana cewa marasa lafiya su ne kwastoman da suka fi saurin saye, gaskiya ne suna saye don suna neman sauki ko ta ina, shi ya sa abin ke da hadari. Tsohuwa ta ajiye kwayar hawan jininta ta koma shayi, sai an kawo mana ita rabin jiki ya mutu. Mai ciwo ba wanda za ki sa a lis ba ne.

Malamin islamiyya, Sawaba:
Assalamu alaikum. Dillanci halal ne, ki saida kaya a ba ki lada ba laifi. Inda malamai suka tsaya shi ne idan kayan sun zama lullubi kawai, mutum ya biya kudi ba don yana son sabulu ba sai don kwadayin ladan wadanda zai jawo, wanda kila ya samu kila ya rasa. Kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya ya haramta irin wannan tsarin a shekarar 1425 bayan hijira, suka kafa hujja da riba da garari da cin dukiyar mutane ba bisa hakki ba. Akwai malaman da suka sassauta da sharudda, cikinsu har da kayan su kasance abin bukata ne da farashinsu na gaskiya. Shawarata malama ki dauki takardar tsarin biyan kamfanin ki kai wa malamin da kika yarda da shi ya karanta da idonsa, kar ki ba shi labari da baki. Kuma duk wanda za ki gayyata ki gaya masa abin da kike samu a zahiri, ba abin da aka rubuta a allo ba, hadisin wanda ya yi algus ba ya cikinmu a Muslim yake.

Maman 'yan biyu, Aboabo:
Ngd sosai Allah ya saka da alheri. Saura daya, akwai wata yarinya mai daukar kaya a kasuwa da ke kawo min kaya gida, ita kam ta matsu ta shiga, ta ce karshen wata za ta karbi kudin susunta, ajiyar da take tarawa kadan-kadan, ta yi rajista. Cikin duk wadanda na yi wa magana ita ce ta fi zafi, wadda ke samana ta ce kar in bari ta huce. Ya kuka gani?

Hajiya mai atamfa, Kejetia:
Kar ki karba diyata. Kudin nan da wuyanta ta tara su, kila na komawa gida ne ko na keken dinki, kuma wa za ta saida wa sabulu mai tsada, 'yan uwanta da suke kwana daki daya? Zafin da kika gani na matsuwa ne.

Dan netwok, Asawase:
Nan kam ina bayan Hajiya duk da bonas ne zai wuce ki. In kina son ki gwada ta ba sai ta yi rajista ba, ki ba ta sabulu uku daga naki ki fada mata farashin da za ta kawo miki, abin da ya hau nata ne. In ta saida ta dawo neman kari ki kara mata, ku yi wata biyu ko uku a haka, in abin ya tafi ta yi rajistar da ribar da ta tara. In kuma ta dawo miki da su ki karba ba fada, susunta na nan ba a taba ba. Mai kitson layinku ma haka za ki fara da ita, ki ajiye mata guda biyar a shago ki leka ranar Juma'a da yamma ki ga nawa suka rage.