Hilux tana tashi, in ta ɗau zafi sai ta mutu: wa ya taɓa fama da wannan?

Mai Hilux, Tudun Hatsi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Hilux mai fetur, injin 2TR mai lita 2.7, da ita nake kwaso masara da wake daga kasuwannin ƙauye zuwa Tudun Hatsi a nan Gombe. Da safe bugu ɗaya take tashi, silonta lafiya lau. Amma da zarar injin ya ɗau zafi, kamar in yi tafiyar Gombe zuwa Kumo, sai ta fara shaƙewa, in taka totur ba ta amsawa, daga nan ta mutu. Kik yana juyawa da ƙarfi amma ba ta kamawa. In na bar ta ta huce sai ta tashi kamar ba ita ba. An canza fulogi, an wanke nozul, an sa sabon batir, duk a banza. Yanzu ana ce mini in sayi wata ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa inji. Kafin in zuba wannan kuɗin, ina roƙon duk wanda ya taɓa gamuwa da haka ya faɗa mana yadda tasa ta kasance.

Direban hanyar Dukku:
Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya kiyaye gaba. Tawa haka ta yi mini, kuma famfon mai ne. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 yawancinmu ba ma cika tanki, lita goma ko sha biyar muke zubawa, allura kullum tana kwance. Shi kuwa famfon a cikin tanki yake zaune, man da ke kewaye da shi ne ke sanyaya shi. In tanki ya saba zama wayam sai ya riƙa zafi har ya gaji, ga shi duk dattin da ya kwanta a ƙasa shi yake zuƙa. Abin da na lura da shi kafin a gano: ranar da na zuba mai da yawa motar takan daɗe ba ta mutu ba. Gwada cika ta ko da rabi ne, ka bi hanyar nan ta Kumo ka gani.

Makanike, Bauchi:
Alhaji, don Allah dakata da maganar ƙwaƙwalwa. A garejinmu motocin da ake kawowa da wannan ciwon ba kasafai laifin yake fitowa daga can ba, kuma ita ce mafi tsada a cikin duk abin da ake zargi.

Abin da nake fara tambayar mai mota shi ne yadda take mutuwa. In tana shaƙewa, tana fizga, ƙarfi yana raguwa kafin ta tsaya, to mai ne ba ya isa. In kuwa ɗif take ɗaukewa kamar an murɗe makulli, to wuta ce ta yanke. Taka ka ce shaƙewa take yi, don haka hankalina ya fi karkata ga maganar ɗan'uwa direba.

Sai dai matsalar irin wannan mota, ana kawo ta gareji a sanyaye, lokacin da komai nata yake aiki daidai. Makanike ya duba bai ga komai ba, sai ya fara canke, mai mota yana biya. Dole a gwada ta a daidai lokacin da ta mutu. Ka ɗauki makanikenka ku fita tare da kayan aiki. Tana mutuwa ya cire tiyon iska, ya fesa ɗan maganin wanke kafireto a bakin totur, ka buga. In ta kama ta yi daƙiƙa biyu ta sake mutuwa, wuta tana nan, mai ne babu. In ko tari ba ta yi ba, ya zare kwayil ɗaya ya sa fulogi ya jingina a jikin inji ya ga ko akwai tartsatsi. A yi hattara, feshi kaɗan, fuska nesa, kuma kada a yi wannan a motar gas, wato mai shan dizal.

In ya tabbata mai ne, a ɗaura agogon awon ƙarfin mai. Wannan injin yana son ƙarfin mai kusan bar 3 a agogon. Famfon da ya gaji yakan ba da hakan da safe, in ya yi zafi ka ga allura tana sauka a gabanka.

Hajiya mai hatsi, Billiri:
Sannu Alhaji. Ni ba direba ba ce, amma ni ke biyan kuɗin gyara, shi ya sa na riƙe labarin. Tamu ɗif take mutuwa, har a tsakiyar titi da kaya, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan saboda tireloli. Aka canza famfo, ba ta daina ba. Daga baya wani yaro mai na'urar duba mota ya jona ta, ta nuna lambar matsala P0335. Ya ce sansar da ke karanta juyin kuranshaf ce, in ta yi zafi sai ta daina aika saƙo, ƙwaƙwalwa kuma in ba ta ji inji yana juyawa ba sai ta tsayar da wuta da mai gaba ɗaya. Ya nuna wa direbana: motar tana mutuwa ya ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan sansar, ba a jima ba ta tashi. Kuɗin sansar bai kai na famfon da muka saya ba. Shawarata, ka biya kuɗin na'ura tukuna, ko ba ta nuna komai ba ka rage zato.

Baba mai 504, Darazo:
Yaro, Allah ya yi albarka. Ni a-kori-kura nake ja, Peugeot 504 irin wadda aka haɗa a Kaduna, ba ta da wata ƙwaƙwalwa, amma akwai abu ɗaya da tsohuwar mota da sabuwa suka yi tarayya a kai. In ta mutu, sauka ka buɗe murfin tanki kana saurare. In ka ji ta ja iska fuuu, ka rufe ka buga ta tashi nan take, to tankin ne ba ya numfashi. Mai yana fita, iska ba ta shiga, famfo ya ja ya ja har ya kasa. Na ga wannan a motar da aka sa wa murfin da ba nata ba, na kuma gani inda zanzaro ya toshe ƙaramin tiyon numfashi da laka. Gwajin nan ko sisi ba ya ci.

Mu namu na kafireto, a zafin Maris da Afrilu man kan tafasa a cikin bututu kusa da inji, ko kwayil ya yi zafin da hannu ba ya taɓuwa, ko kondensa ta gaji. Amma wannan ba ciwon motarka ba ne.

Rewaya, kusa da Tashar Dukku:
Oga makanike ya yi bayani, ƙari kawai zan yi. Kada wani ya ce maka famfo ya mutu don an murɗa makulli ba a ji kukansa ba. Toyota da yawa ba sa kunna famfo sai inji yana juyawa, ba kamar wasu motocin ba. An sha sauke tanki a kan wannan kuskuren.

Sannan kafin a yanke wa famfo hukunci a auna wutar da ke isa gare shi. Na taɓa samun wadda soket ɗin saman tanki ya ƙone ya yi baƙi, in ya yi zafi sai ya saki. Wata kuma rile ne, wato ɗan makunnin da ke sakar wa famfo wuta, muka musanya shi da irinsa a akwatin fyus, magana ta ƙare. A duba wayar at daga batir zuwa bodi da inji, hanyoyinmu masu gargada suna kwance ta. In inji yana aiki, batir ya nuna tsakanin volt 13.5 da 14.5. Sabon famfo a kan ruɓaɓɓiyar waya ba zai daɗe ba.

Mai Hilux, Tudun Hatsi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun fita da makanike kamar yadda aka ce. Baba, na buɗe murfin, ba ta ja iska ba. Da aka yi feshi ta kama ta mutu, agogo kuma ya nuna ƙarfin mai ya faɗi ƙasa sosai. Muka sauke tanki: rariyar gindin famfo ta toshe da tsatsa da wani jan datti, har da ruwa a ƙasa, ina jin daga man jarka ne da nake saya in na ƙure a ƙauye. An wanke tanki, an sa famfo da rariya, rewaya ya gyara soket. Na kai kaya Kaltungo na dawo ba ta yi ko tari ba.

Direban Hilux mai gas, Bajoga:
Alhamdu lillahi, Alhaji. Bari in ƙara don masu gas, kada su ɗauki wannan su tafi da shi. Mu babban abokin gabarmu iska ce a layin mai. Tsohuwar tawa mai injin 3L takan tashi ta yi minti kaɗan ta mutu, in na danna famfon hannu da ke kan filta har ya yi tauri sai ta sake tashi. Muka sa farin tiyo mai nuna ciki tsakanin filta da injekta, sai ga kumfa yana wucewa. Robar famfon hannun ce ta tsage tana shan iska, ko ɗigon gas ba ta zubarwa a waje, shi ya sa ido bai gani ba. Akwai kuma ɗan makunni a gindin filta na zubar da ruwa, duk wanda fitilar ruwa ta kama masa ya tsaya ya tsiyaye shi.

Masu injin 2KD kuwa, in tana mutuwa a silo ko tana rasa ƙarfi a hawa, na'ura ta nuna P0087, a fara da filta, sannan a duba bawul ɗin SCV da ke jikin famfo, mai daidaita man da famfon ke ja, kafin a taɓa nozul. Kuma kada yaron gareji ya kwance bututun nozul inji yana aiki kamar yadda ake yi wa 3L. Ƙarfin man da ke ciki kan iya haura bar 1,000, yana iya huda fatar hannu.