Neman shawara: wace kyauta ta dace da surukata mai ɗinkin bargon ƙyallaye?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Hutun ƙarshen shekara ya matso, kuma za mu je gaida mahaifiyar maigidana. Mama ta fi shekara 15 tana ɗinkin bargon ƙyallaye, irin wanda ake yayyanka yadi ƙanana-ƙanana a harhaɗa su su fitar da zane, a sa auduga a tsakiya, a shimfiɗa wani yadin a baya, sannan a bi duka ukun da ɗinki. Da na haihu, wata huɗu ta yi tana ɗinka wa jaririyata guda ɗaya, har yau da shi yarinyar take kwana. Ina so in kai mata abin da zai nuna na san darajar wannan aiki. Bara na sayo mata yadi mai manyan furanni, ta yi ta sa min albarka, amma da muka koma na tarar da shi a ninke, almakashi bai taɓa shi ba. Abin ya tsaya min a rai. Ni ban iya ɗinki ba. Don Allah waɗanda suka san harkar, me ake ba irinsu?

Wata mai ɗinkin bargo:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, ba raina yadinki ta yi ba. Mu ƙyalle muke yankawa inci biyu da rabi, wani lokaci ma bai kai haka ba. Furen da ya kai tafin hannu, in aka yanka shi haka, sai ya watse: wannan yanki ja, wancan kore, ba a gane komai. Irin wannan yadin mukan adana shi don bayan bargo, inda zai fito gaba ɗayansa. Mai yiwuwa jira take ta gama fuskar da za ta dace da shi.

Shawarata ita ce ki bar zaɓen launi, wannan idon mai ɗinki ne kawai yake yi. Ki sayi abin da yake ƙarewa. Na farko, rezar wuƙar yanka mai tayar nan da ake gungurawa a kan yadi. Kamfanin Olfa na Japan ne ya fito da ita a 1979, kuma tun daga nan ta sauya aikin gaba ɗaya, domin da ita ana yanka yadi ninki huɗu a tashi ɗaya. Rezarta tana dakushewa, mu kuma mukan yi ta lallaɓa tsohuwa har sai ta fara tsallake zare, saboda ƙyashin sayen sabuwa. Ranar da aka ba ni fakiti mai guda biyar, na fi murna da shi a kan turaren da aka haɗo min. Sai dai ki duba girman tata: akwai milimita 28, da 45, da 60. Ta 45 ce aka fi amfani da ita. Na biyu, zaren auduga mai lamba 50, na kamfanin Aurifil ko Gütermann, launin toka mai haske ko ruwan madara. Waɗannan launukan suna ɓacewa a cikin kowane irin ƙyalle, ba za su taɓa zama a ajiye ba.

Wani mai gyaran keken ɗinki:
Hajiya ta faɗi gaskiya. In ƙara da allurar keke. Yawancin kekunan da ake kawo min wai suna tsinka zare ko suna tsallake ɗinki, allura ce ta gaji, ba wani abu ba. Ƙa'ida ita ce a canja ta bayan kamar awa 8 na ɗinki, amma mutane sai ta karye suke cirewa. Lamba 80/12 ta dace da haɗa ƙyallaye, 90/14 kuma in za a bi ta kan auduga.

Akwai kuma ƙafar keke mai haƙora, wadda take jan yadin sama daidai da yadda haƙoran keken suke jan na ƙasa, don kada shimfiɗa ukun nan su zame su tattare. Kyauta ce mai kyau ƙwarai, amma kada ki saya da ka. Ba kowace ƙafa ce take shiga kowane keke ba. Ki sa a ɗauko miki hoton sunan keken da lambarsa tukuna.

Wata 'yar uwa:
Ni dai ban yarda a ce kada a ba mu yadi ba. Reza da allura suna da amfani, amma wa zai buɗe ƙunshi ya ga allura ya ji zuciyarsa ta yi fari? Kuskuren bara shi ne yadi ɗaya mai yawa. Ana sayar da ƙunshin da aka riga aka yanka, launukan duk sun dace da juna: akwai masu inci 5 kowane gefe, galibi guda 42 a ƙunshi, akwai dogaye masu faɗin inci biyu da rabi da ake naɗewa kamar gammo, akwai kuma manyan yanka masu kamar inci 18 da 22. Ki zaɓi auduga zalla mai ƙananan zane. Mai roba-roba yana santsi a ƙarƙashin allura, kuma ba ya kwanciya da kyau in an goge shi. Ki kalli bargon 'yarki, launukan da Mama take so suna nan a jikinsa.

Wata dattijuwa:
'Yata, shekarun Mamanku nawa? Ni abin da ya dawo da ni ɗinki bayan na kusa bari, fitila ce. Ƙarama mai lanƙwasa wuya, mai farin haske, da jikana ya ɗaura min a gefen tebur. Da can magariba na yi nake naɗe aiki, saboda baƙi da shuɗi mai duhu duk ɗaya nake ganinsu. Ki haɗa mata da ɗan abin zura zare a allura.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mama ta haura 60. Na kira ƙanwar maigidana da suke zaune tare, ta ce da keke take haɗa ƙyallayen, amma ɗinkin ƙarshe da hannu take yi, a cikin wani zoben katako. Kuma ba ta da wannan wuƙar mai taya sam. Da kwali take zana siffar a kan yadi, ta bi da almakashi ɗaya bayan ɗaya. Ta ce kwanan nan tana yawan kukan babban yatsanta in ta daɗe tana yanka.

Wata mai ɗinkin bargo:
To magana ta canja, ki manta da fakitin reza da ƙafar keken. Tunda yatsa ya fara ciwo, wuƙar ita ce kyautar, amma abu uku ne suke tafiya tare, in babu ɗaya sauran ba su da amfani: wuƙar milimita 45, da shimfiɗar yanka wadda tsagarta take rufewa da kanta, da rula mai kauri da ake ganin yadi ta cikinta. Shimfiɗa mai inci 18 da 24 ta isa teburin gida, rula kuma mai inci 6 da 24, domin ta ratsa yadin da aka ninka biyu. Ki nemi wuƙar da rezarta take komawa ciki da zarar an saki hannu, don kaifinta ba na wasa ba ne, ga jikoki suna kai-kawo. Ki tambaya ko bahaguwa ce, saboda a juya rezar ɗaya gefen. Wajen tafiya kuma ki kwantar da shimfiɗar, kada ki naɗe ta, kada ki bar ta cikin mota a rana. In zafi ya lanƙwasa ta, da wuya ta sake miƙewa.

Abu ɗaya nake jin tsoro. Wadda ta yi shekara 15 da almakashi tana iya ajiye wuƙar kamar yadda ta ajiye yadin, don hannu bai saba ba. Kada ki miƙa mata ki tafi. Ku zauna tare da tsohon zani, ku buɗe bidiyon koyarwa a waya, ta yanka da hannunta sau biyu sau uku, tana tura wuƙar gaba, ba tana jawo ta wajen jikinta ba.

Sannan ki sa mata ƙananan kayan ɗinkin hannu a ƙunshin: gajerun alluran bargo lamba 9 ko 10 (a nan lamba na hawa allura na ƙanƙancewa, saɓanin ta keke), da zaren ɗinkin hannu mai sulɓi. Shi wannan zaren ba a sa shi a keke, abin da aka shafe shi da shi yana taruwa a hanyar zare. Murfin yatsa da ake tura allura da shi kuwa ki bar mata ta zaɓa, sai an gwada ake sanin wanda ya zauna.

Mai tambaya:
Na rubuta duka, Anti. Da hannun dama take yanka. Zan ɗauki wuƙar da shimfiɗar da rular, da fitilar da dattijuwarmu ta ambata, ƙunshin yadin kuma sai wani zuwan in na ƙara nazarin launukanta. Kwana huɗu za mu yi a can, na riga na ware tsofaffin zannuwa biyu da za mu koya da su.