Wanda bai sa ko sisi a Genshin ba, yana da bakin kuka?

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da ake ta yawo da ita, wai duk mai buga Genshin Impact da bai taɓa sa kuɗi ba, ba shi da bakin kuka kan yadda aka tsara wasan, tunda kyauta aka ba shi. Ni ban yarda ba. Ku dubi rezin kawai, makin da sai da shi ake karɓar lada a wasan. Guda ɗaya ke dawowa duk minti 8, wato 180 a yini da kwana. Karɓar ladan domen, wato filin faɗan da ake samun kayan yaƙi, sau ɗaya yana cin 20. Kafin ka gyara zama na ranar ya ƙare, kuma abin da zai faɗo maka sa'a ce, kana neman ƙarfin bugu a ba ka na kariya. Sai kuma gobe. Ba don jin daɗina aka yi wannan ba, an yi ne don in riƙa dawowa kullum. In na faɗi haka laifi ne?

Injiniya: Wa'alaikumus salam. Ƙanena, ina cikin masu wannan maganar, kuma ina nan a kanta. Tun Satumban 2020 wasan nan yake, kusan duk mako shida da sabon abu, ƙasa bayan ƙasa, da kiɗa da muryoyi, ba a ce ka biya kafin ka shiga ba. Za ka iya kai labarin ƙarshe da jaruman da ake bayarwa kyauta. Ma'aikatan da ke Shanghai albashi ake ba su, kuma daga aljihun masu saye yake fita. Ni ina sayen Welkin, rajistar wata ta wasan, na dala 4.99 duk wata. Ba gori nake yi ba, amma wanda aka gayyata walima ba ya faɗa wa mai gida yadda za a dafa tuwo.

Mai Caji: Yaya Injiniya, wanga kyauta da kake faɗi ni ban gan ta ba. Ku zo shagona ranar da anka saki sabon ofdet ku gani. Wasan ya haura giga 20 ga waya, yaro sai ya goge hotunan bikin gidansu kafin ya samu wuri. Ga data, tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 ga farkon 2025 kowa ya ji ga jikinai. Ga zafin Sakkwato cikin watan Afrilu. Na ga wanda ya tuɓe ma waya riga ya aza ta bisa jiƙaƙƙen tsumma, shina wasa shina yi mata fifita, don kar ta riƙa sarƙewa tsakiyar faɗa. In babu wuta ya kawo min caji ya biya. Duk wannan ba biya ba ne?

Injiniya: Biya ne, amma ba HoYoverse, kamfanin wasan, aka biya ba. Kuɗin data na kamfanin layi ne, na caji naka ne. Ko kwabo bai isa wurinsu ba.

'Yar Runjin Sambo: Yaya, a nan kam na saɓa da kai. Mu da ba mu saye mu ne taron. Mai kuɗi ya sayi jaruma ne don ya nuna wa wa? Wa ke kallon bidiyonsa a YouTube da TikTok, wa ke shiga duniyarsa a yi faɗa tare? Da za mu watse yau, shi ma wata biyu ba zai ƙara ba. Kamfanin ya fi kowa sanin haka, shi ya sa yake aiko wa kowa takardar jin ra'ayi a cikin wasan, ba ya tambayar ko ka biya.

Kuma kukan yana aiki. Iyakar rezin da ake iya tarawa da 120 ya fara, aka yi ta ƙorafi ya koma 160, a 2024 ya kai 200. Jarumi Zhongli da ya fito a Disambar 2020 mutane suka ce an raunana shi, ba a daɗe ba a farkon 2021 aka ƙara masa ƙarfi. Da kowa ya kama bakinsa don kunyar kyauta, da har yau muna kan 120.

Injiniya: Zhongli waɗanda suka kashe kuɗi a kansa ne suka tada ƙura, yawancinsu a Chaina. Wannan hujjata ce, ba taki ba.

'Yar Runjin Sambo: To, kukan cikar wasan shekara ɗaya fa, a Satumban 2021? Mutane suka raina kyautar da aka bayar, suka yi dafifi a Google Play suna ba wasan tauraro ɗaya har makinsa ya rikito. Nan ba a tambayi rasit ba. Cikin 'yan kwanaki aka ƙara kyautar.

Malamin Arkilla: Ku yi mini uzuri, ni damuwata ta wuce rezin. Gacha ce, wato jan ƙuri'ar da ake yi don samun jarumai. Damar samun jarumi mai taurari biyar, wato na ajin ƙoli, a ja ɗaya kashi 0.6 ce cikin 100. An yi alkawarin ba za ka wuce ja 90 ba ka samu ba, amma ko ya fito, yana iya zama ba wanda ke kan bana (allon tallar jarumin da ake yayi) ba, sai a zagaye na biyu ake tabbatar maka. Wato har 180. Kuma bana tana da wa'adi, kusan mako uku ta tafi. Yaro yana ja na 70, saura kwana ɗaya, Primogem, kuɗin cikin wasan da ake ja da shi, ya ƙare. Me kuke tsammani zai yi da kuɗin da aka aike shi da su? Ni ba fatawa nake bayarwa ba, wannan na manyan malamai ne, amma zuciyata ba ta natsu da a ba da kuɗi a kan abin da ba a san me zai fito ba.

Injiniya: Allah gafarta Malam, caca ita ce ka sa kuɗi don ka ci kuɗi. A nan ba abin da ake fitarwa ya koma naira. Kuma sun rubuta lissafin ƙarara, ga iyaka an sa. Wace caca ce ke cewa in ka faɗi sau kaza dole a ba ka?

Malamin Arkilla: Na ji wannan, kuma iyakar tana da amfani, ban musa ba. Amma ko ba a kira shi caca ba, a babin ciniki akwai gharar, sayen abin da ba ka san haƙiƙarsa ba. Sannan dubi hanyar da kuɗin ke bi. Ka sa kuɗi ka sayi wani kuɗin wasan mai suna Genesis Crystal, ka mai da shi Primogem, ka mai da wannan abin ja. Kafin ka kai hawa na uku ka manta nawa ka kashe. Ba mu kaɗai muka ga haka ba. A Janairun 2025 hukumar FTC ta Amurka ta zargi kamfanin da rufe wa 'yan wasa ainihin tsadar abin, aka sasanta a kan dala miliyan 20, da sharaɗin kar su sayar wa 'yan ƙasa da shekara 16 sai da izinin iyaye. Beljiyam kuwa tun 2018 ta ɗauki irin waɗannan akwatunan sa'a na kuɗi a matsayin caca. Yaranmu a nan wa ke tambayar shekarunsu?

Ɗan Mabera: Ja ɗaya Primogem 160 ne. Sau 180 ya zama 28,800. Ayyukan kullum na wasan Primogem 60 suke bayarwa. Na san bukukuwa da akwatunan cikin wasan suna ƙarawa sosai, amma wanda ba ya saye watanni yake tarawa don jarumi ɗaya, bai tsallake rana ba. Mutumin da ya ba wasa wannan lokacin a ce ba shi da ta cewa?

'Yar Runjin Sambo: Ni har da sutura. Akwai jarumar da ba zan iya buɗewa gaban Inna ba. A 2022 sun fito da kaya masu ɗan rufi ga Jean da Amber da Mona da Rosaria, ke nan in sun so za su iya. Me ya hana kowace ta samu irin wannan zaɓin? Ga Natlan, ɗaya daga ƙasashen wasan, sun ɗauko suna daga Olorun na Yarabawa suka ba jarumi Ororon, suka yi shi fari tas. Har cikin masu yi wa wasan murya akwai waɗanda suka yi magana. Mu da abin ya fito daga ƙasarmu sai mun biya kafin mu ce bai yi ba?

Mai Caji: To mi za a yi? Tunda takardar jin ra'ayi tana zuwa, mu haɗa baki mu rubuta abu guda. Wanda Turancinai ya fi ya tsara muna, kowa ya kwafa ya aika. Ku taru shagona bayan la'asar ranar Asabar, in kunna janareta.

Injiniya: Zan zo, kuma ni zan rubuta. Maganar rezin da girman wasan da sutura duk zan sa. Ta caca kuwa, Malam, ba zan rubuta ta da hannuna ba, don har yanzu ban gamsu ba.

Malamin Arkilla: Ba komai. Ka bar mini layi biyu a ƙasa, ni zan cike.