Ƙyuyar yara: ɓata su muka yi ko wayo ne ya zo?

Maman_Ilham:
Salam ƴan uwa, don Allah waɗanda suka karanci saikoloji a taimaka min. Ƴata watanta 9, da kowa ɗaukarta yake, gidan biki haka za ta yini hannu hannu, amma yanzu ko kakarta ce ta miƙo hannu sai ihu, in na shiga banɗaki kuwa kamar ana yanka ta. Surukata ta ce ni na ɓata ta da goyo. Ni kuma ina NCE 1, malaminmu ya taɓa zancen wai jariri bai san abu yana nan ba in ya daina ganinsa, Piaget ne ko wa, ranar na makara ban kama ba. Yana da alaƙa da ƙyuyar nan? Kuma meye bambancinsa da shaƙuwa? jarabawa saura sati biyu

AbuFatima:
Wa'alaikissalam Maman Ilham. Piaget ɗin ne, mutumin Suwizalan, ya rasu 1980. Ya kasa girman tunanin yaro gida huɗu, ƴarki tana na farko, daga haihuwa zuwa shekara 2, lokacin da yaro ke sanin duniya ta baki da hannu da ido, shi ya sa komai ya samu sai baki. Abin da malaminku ya faɗa shi ne gane cewa abu yana nan ko ba ka ganinsa. Ɗan wata 4 in kika rufe abin wasansa da zani shikenan ya juya kai, a wajensa ya ɓace. Daga wajen wata 8 zai ɗaga zanin ya nema. To ke ma haka, da in kin fita kin fita, yanzu ta san kina nan wani waje ba ki zo ba ne, dole ta yi rigima ai.

Anti_Balki:
Ƙanwata ki lura abu biyu kika haɗa, a jarabawa kuma raba su ake. Kukan da take wa kakarta tsoron baƙo ne, ta fara tantance nawa da ba nawa ba, musamman in ba kullum take ganinta ba. Na banɗaki kuma fargabar rabuwa ce. Dukansu jikin shaƙuwa suke, wato ƙullin da ke tsakanin yaro da mai rainonsa, John Bowlby ɗan Ingila shi ya kafa zancen. Abin da ke burge ni, Mary Ainsworth da ta ɗora a kai, a Uganda ta fara zama da iyaye mata wajen 1954, matan da ke goyo kamar mu. Daga baya a Amurka ta yi gwajin nan da uwa ke fita ta bar yaro a ɗaki sannan ta dawo, kuma ba kukan ta fi dubawa ba, dawowar uwar ce: ya ruga wajenta ya yi shiru ya koma wasa? to shaƙuwarsa lafiya lau. Goyo bai ɓata kowa ba wallahi, amma kar ki je kina wa Hajiya lacca, ki dai daina sulalewa a ɓoye, ki ce mata ina zuwa sannan ki fita ko za ta yi kuka.

Sani_Kwalli:
Ni dai gyara ɗaya, masu bincike na bayan Piaget sun nuna jarirai na gane abin tun kafin wata 8, hannun ne bai iya nema ba tukuna. Amma a takarda ki rubuta yadda malam ya koyar, kar ki ja wa kanki kariyoba lol

Maman_Ilham:
Na gode sosai Anti, Allah ya saka. Yanzu na gwada da mukullin babanta, na rufe da ɗankwali ta yaye ta ɗauka. Sai na mayar ƙarƙashin filo a gaban idonta, ta koma ɗankwalin tana nema! wannan kuma fa?

AbuFatima:
Shi ma Piaget ya gani, inda ta saba samu nan take komawa. Ki sake gwadawa in ta shekara.